Tabarmar Ninkin Kwampires

Takardar ajiye aiki ta yi mako uku a jakata kafin baƙuwar nan ta zo mana. Na rubuta ta da faransanci, da rubutuna mai kyau na ƴar kolej, na ninke ta na cusa a bayan katin shaidata. Kullum da safe in na taka ƙofar gidan likita sai in ce yau zan miƙa wa Majo. Kullum kuma la'asar za ta yi tana nan inda take, har ta fara ƙamshin man shafawata.

Gidan likitan namu ƙarami ne, a wani ƙauye can wajen Zermu, mu huɗu ne ke riƙe da shi. Majo shi ne shugaba, yana duba marasa lafiya a ɗakin gaba. A baya, ɓangaren haihuwa, akwai Madam, sajfam ɗinmu, wato ungozomar da ta yi karatun aikin, mace mai jiki da murya, wadda in ta ce wa mai naƙuda "yunƙura!" har awakin maƙwabta sai sun waiwaya. Sai Iya, tsohuwar ungozoma da ta karɓi haihuwar rabin ƙauyen tun ba a gina wurin ba. Sai ni, autarsu. A birbe, jarrabawar ƙarshen kolej, na tsaya da karatu, na yi ɗan horon taimakon jinya a Damagaram, aka turo ni in riƙa miƙa kaya, in wanke, in auna masu ciki, in rubuta a kaye, littafin rajistarmu. Ina son aikin nan. Wannan ne ya sa takardar ta kasa fita daga jaka.

Abin ya faru ne ranar kasuwa, da tsakar rana. Madam ta tafi taro cikin gari, Majo ya fita rigakafi ƙauyuka da babur. Daga ni sai Iya. Muna zaune sai ga amalanken shanu ya shigo, ƙafarsa ɗaya tana kukan rashin mai, a kai wata mata ce da naƙuda. Haihuwa ta zo da sauƙi, ƴa mace, Iya ta yanke cibi tana waƙe-waƙenta. Sai jini ya ƙi tsayawa.

A ɗakin nan waya ba ta kamawa sai a bakin taga. Iya ta kira Madam, ta miƙa hannu da wayar waje, kanta kuma a ciki, Madam na faɗa tana maimaita mini da ƙarfi. Ki murza mata mara, kada ki saki. Ki ɗauko allurar da ke cikin firji, ki yi mata a cinya. A sa jaririya a nono. Ki ci gaba da murzawa. Na yi ta murzawa har hannuna ya daina jin komai, matar na kallona, leɓenta ya yi fari, tana ce mini "ƴar nan, ga amanar ƴata." Ban san tsawon lokacin ba. Na dai san da ambilans ta iso sai da direban ya ɓamɓare yatsuna daga jikinta.

Ta rayu. Bayan kwanaki ta dawo daga Damagaram da ƙafarta. Ranar suna aka sa wa jaririyar sunana, mijin ya kawo mini zabi biyu a ɗaure. Majo ya koma kirana jaruma. Duk wanda ya zo karɓar magani sai an nuna masa ni.

To jaruma ta ce wa wa tana jin tsoro? Ba mutuwa aka yi ba balle a yi mini ta'aziyya. Amma tun daga ranar, in na ji kukan ƙafar amalanke, ko na masu ɗiban ruwa ne, sai hannuna ya kama rawa. Na daina shan zoɓo saboda launinsa. Ɗakin haihuwa kuwa na koyi zagaye shi kamar mai zagaye kare. Da an kawo mai naƙuda sai in tuna ba a cika randa ba, ko ba a auna yaran da ke layi ba. Na zama mai himma a kowane aiki in ban da nawa.

Ranar Asabar ina zuwa gida Kara-Kara. Innata ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kin faɗa. Baki ne, yabo ya yi miki yawa." Ta karɓo mini rubutu wurin malamin unguwa, na sha kwana bakwai. Barcina ya ɗan gyaru. Hannun dai yana nan da rawarsa.

Ana cikin haka saƙo ya zo wa Majo cewa za a turo misiyo, wato masu rangadi daga sama, ranar Alhamis don duba lafiyar ma'aikata. Mu abin da muka sani da misiyo guda ne: mutane su sauko daga mota da kaye, su shafa yatsa a kan kanta su ga ko akwai ƙura. Muka tashi haiƙan. Aka share fili har bayan banɗaki, aka shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa. Na goge rigunan aikinmu da dutsen guga na gawayi. Madam ta ce ba a tarbar baƙo da baki kawai, aka kama ɗaya daga cikin zabina aka yanka. Ɗayar da ta rage ta hau kan katanga ta wuni tana kai ƙararmu.

Baƙuwar da ta sauko ƴar siririya ce mai tabarau, ko kaye ba ta riƙe ba. Ta ce ita ba bincike ta zo ba, aikinta sauraron masu kula da wasu, don su ma suna gajiya, zuciyarsu ma tana ciwo. Muka ce to. Ta sa aka jera kujeru a biron Majo, wato ofishinsa, kowa na fuskantar kowa. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya cikin ido, ta ce, "Yaya kuke ji a wannan aiki?"

"Alhamdu lillahi," in ji Majo.

"Sai godiya," in ji Madam.

Iya ta ce, "Aiki ai ibada ne."

Ni na kafa ido a kan babban yatsan ƙafata na ce lafiya lau.

Ta yi shiru tana jira. Majo ya ga shirun ya yi yawa, kada a ce ba mu shirya ba, sai ya jawo rapor, rahotonmu na wata, ya fara karanta mata. Yana cikin karantawa Madam ta karkata kai tana ƙare wa baƙuwar kallo, can ta miƙe ta ja mata fatar ido ƙasa.

"Ke kanki ba ki da jini. Kina cin abinci kuwa? Auta, kawo abin awon tansiyo."

Haka aka yi. Wadda ta zo duba mu, mu muka duba ta. Aka auna mata hawan jini, Madam ta rubuta mata maganin ƙarin jini, Iya ta dama mata fura, aka tsare ta sai da ta ci cinyoyin zabuwar duka biyu. Da za ta shiga mota ta ce za ta dawo Alhamis mai zuwa. Majo ya ce Allah ya kai mu, a ransa ya ɗauka irin maganar sallama ce. Da motar ta ɓace ya tafa hannu ya ce, "Mun ci jarrabawa."

Alhamis ta zagayo ba wanda ya tuna da ita. Mu kuwa Alhamis bayan azahar ranar ninkin kwampires ce, wato ƙyallen da ake tsane jini da rufe ciwo. Yana zuwa mana a babban naɗi kamar bandir. Sai mu shimfiɗa tabarma a inuwar bishiyar bedi bayan ɗakin haihuwa, mu wanke hannu, Madam ta yanka, ni da Iya mu ninka. Ninki huɗu ne, kuma dole a tura duk bakin da aka yanka ciki, kada zare ya maƙale a ciwon mutum. In gwangwanin ƙarfe ya cika a rufe a ɗora a tukunyar turiri. Aikin ido ne, ba mai ɗaga kai.

Muna cikin yi sai muka ji sallama. Ga ta tsaye, a motar kasuwa ta zo. Madam ta yunƙura za ta sa a ɗauko kujeru, baƙuwar ta ce a bari. Ta tuɓe takalmi, ta wanke hannu a butar Iya, ta zauna a gefen tabarma ta ɗauki ƙyalle.

Na farkon da ta ninka ya fito kamar ƙosai. Iya ta ɗaga shi da yatsa biyu.

"Malama, wannan ciwo za a rufe da shi ko kwaɗo za a naɗe?"

"Na manta ne, Iya. Da can na iya."

"Da can a ina?"

"A ɗakin yara. Ni ma jinya na yi, shekara da shekaru."

Madam ta dakata da almakashi. "To me ya fitar da ke?"

Baƙuwar ba ta ɗago ba. Tana warware ƙosanta tana sake ninkawa ta ce, "Wata rana wata uwa tana kuka a kan ɗanta, na tsaya a kanta ina jin haushinta, don tana ɓata mini lokaci. Da na koma gida na nemi tausayin da na san ina da shi, ban same shi ba. Na yi wata biyu ban faɗa wa kowa ba. Ina tsammanin na zama muguwa ce. Ashe ƙarewa na yi, kamar rijiyar da ake ja ba a barin ta ta taru."

Almakashi ya ci gaba, ƙyat, ƙyat. Zabuwata ta sauko daga katanga tana leƙen gwangwani. Can Madam ta ce, ita ma idonta a kan ƙyalle, "Ni magaza nake shiga."

"Magaza?" in ji baƙuwar.

"Ɗakin ajiyar magani, bayan katan-katan ɗin ruwan ƙari. Akwai wani bokiti da nake kifawa in zauna. Kullum. Ba kuka nake ba, kukan ma ba ya zuwa. Zama kawai nake inda ba wanda zai ce Madam."

Iya ta kwashe da dariya. "Ni da na ɗauka ƙirgar magani kike! Har ina yabonki wurin Majo."

"Tsohuwar banza, ke ma ai na san ba alwala ce ke kai ki bayan katanga sau goma ba. Taba kike ci."

"Taba ta fi bokiti daraja."

Muka yi dariya har da baƙuwar. Ni dariyar tawa ta katse, domin Iya ta miƙo hannu ta ɗauki wanda na ajiye yanzun nan, ta warware, ta ninka daidai, ta jefa a gwangwani. Ta yi shi da sauri irin na wanda ya saba.

"Wata guda ke nan da ɗoriya ina gyara ninkin autar nan," ta ce, kamar da ƙyallen take magana. "Yarinyar da ninkinta ya fi na kowa. Na ce bari in yi shiru, in ta shirya ta faɗa."

Da a biron Majo ne, ido cikin ido, da na ce lafiya lau. Amma a nan ba mai kallona. Kawuna uku a sunkuye, hannuwa na aiki. Na ɗauki wani ƙyalle na shimfiɗa a cinyata, sai na ji bakina ya buɗe. Na faɗi kukan ƙafar amalanke. Na faɗi zoɓo. Na faɗi leɓen matar da amanar da ta ba ni, da yadda nake ganin in aka sake barina a ɗakin nan wata za ta mutu a hannuna. Na ce ban san me ya sa ba, tunda ta rayu. Na ce ko imanina ne ya yi rauni. Hawaye ya ɗiga a kan ƙyallen, Madam ta zare shi ta jefar gefe ta miƙo mini wani.

Baƙuwar ta bari na gama tukuna. Sannan ta ce, "Ba raunin imani ba ne, ba kuma taɓin hankali ba. Ranar nan kin ajiye tsoron gefe don ki ceci matar. Jikinki ya riƙe miki shi. Yanzu da ya ga an samu sarari ne yake fito da shi. Yana samun sojoji, yana samun direbobi, yana samun ungozoma."

"Innata ta ce baki ne. Na sha rubutu."

"Ki ci gaba da addu'arki, ki ƙara da magana. Ba sa faɗa da juna."

Na buɗe jaka na ciro takardar na miƙa wa Madam, don na ga in ban yi a lokacin ba ba zan ƙara samun ƙarfin hali ba. Ta karanta har ƙasa. Ta shimfiɗa ta a gwiwa, ta yi mata ninki huɗu, ta tura bakunan ciki tsaf, ta mayar mini.

"Riƙe abarki. In hannunki ya daina rawa kika ga har yanzu tafiya kike so, ni zan kai wa Majo da kaina. Kuma laifina ne da na dawo na ce miki sannu da ƙoƙari, ban ce miki yaya kika kwana ba."

Ban taɓa jin Madam ta ce laifinta ne a kan komai ba. Iya ma sai da ta ɗago ta dube ta.

Tun daga nan malamar ta riƙa zuwa duk Alhamis ɗin da ta samu hali, ba a ƙara jera mata kujera ba. Ta koya mini in haɗa numfashi da ninki: ninki ɗaya in ja, na biyu in riƙe, na uku da na huɗu in sake a hankali. Ta ce in na ji amalanke in yi ninkin a raina ko babu ƙyalle. In za ta tafi ni ke yi mata rakiya zuwa bakin hanya, muna tafe kafaɗa da kafaɗa muna kallon gonakin gero, a nan nake faɗa mata abin da ban iya faɗa a tabarma ba. Wani lokaci mota ta zo ta wuce mu ce ta cika, alhali da wuri a ciki.

Ɗakin kuwa da kaɗan-kaɗan na koma masa. Makon farko na tsaya a bakin ƙofa ba kowa a ciki, Iya na riƙe da gefen zanena. Na biyu na shiga na goge gado. Na uku na tsaya a bakin tagar nan har na gama numfashi goma. Madam kuma aka yanka mata doka: in ta shiga magaza ba mai ƙwanƙwasawa sai in haihuwa ce, kuma ta karɓi hutunta na shekara da ta yi ta ɗagawa. Iya ta ɗinka wa bokitin ƴar matashi.

Majo ya ce shi ba ya zaman tabarmar mata. Sai dai ya gano cewa audugar allura ma tana son a mulmula ta ranar Alhamis, kuma inuwar bedin nan ta fi ko'ina sanyi. Yakan ajiye kujerarsa nesa kaɗan, ya ba mu baya, rediyo a cinya ba a kunne ba. Ranar nan muna hira sai muka ji daga bayansa, "Ni fa in waya ta yi ƙara ina cin abinci, shi ke nan na ƙoshi." Malamar ta ce, "Tun yaushe, Majo?" Ya ba bishiya amsa, mu muna ji.

Wata Alhamis, malamar ba ta zo ba, muna tsakiyar ninki na ji shi daga nesa. Ƙiiƙ, ƙiiƙ. Na ce a raina masu ruwa ne. Sai ga shanu sun karyo kwana, mata biyu na tafe a gefe suna riƙe da wata a kai.

Madam ta miƙe tana karkaɗe zane. Ba ta ce in zo ba, ba ta ce in zauna ba. Na dubi randa, a cike take. Ba yaro ko ɗaya a layin awo. Na ja numfashi, na riƙe, na sake. Na tashi na bi ta.

A bakin ƙofa na ce, "Madam, ina jin tsoro."

"To, ji abinki. Sa safar hannu."

Na sa, da ƙyar, yatsa biyu suka shiga rami ɗaya. Iya ta gyara mini tana cewa, "Jaruma ta sa wando a ka." Mai naƙudar ma sai da ta yi murmushi tsakanin ciwo. Na tsaya a gefen Madam ina miƙa abin da ta nema. Da yaron ya faɗo ya tsala kuka, jinin da aka saba gani ya biyo, na ja da baya. Madam ta kama hannuna ta ɗora a marar matar, nata a kan nawa.

"Taɓa ki ji. Ta yi tauri ko ba ta yi ba?"

"Ta yi."

"To mahaifa ta tsuke ke nan. Wannan jinin na al'ada ne. Ki riƙe yadda yake a hannunki."

Na tsaya a haka har ta ce ya isa. Da muka fito na zauna a tabarma, na yi kuka kaɗan, na kuma ji yunwa irin wadda na manta da ita. Iya ta ce a kama zabuwar da ta rage. Na ce a'a, wannan ta ga abin da ya ishe ta.

Ban warke sarai ba. Jiya ma amalanke ya wuce ina wanke-wanke, kwano ya suɓuce mini. Zoɓo sai in rufe ido nake kurɓa. Takardar tana nan a bayan katin shaidata da ninkin Madam, ban yaga ba, ban kuma miƙa ba. Amma a watan nan haihuwa biyar na tsaya a kai. Takwarata ta fara zama, uwarta ta kawo ta awo ta yi mini fitsari a riga. Ranar Alhamis da ta wuce kuma Iya ta ɗauki kwampires ɗina, ta juya shi gaba da baya, ta taɓe baki, ta jefa a gwangwani ba ta warware ba.